Kafin Baya Ya Ranƙwafa

A 'yan shekarun nan, cikin abubuwan da ake koya wa amarya kafin biki har da tsayuwa da taku. Bayan dilka da halawa da turaren jiki, mai gyaran amare kan tsayar da ita a tsakar ɗaki ta ce mata: ɗago haɓa, saki kafaɗa, daina jan ƙafa. Ranar kamu ma abin da mai hoto zai yi ta nanatawa ke nan. Waɗanda ba amare ba su ma suna neman wannan ilimi: ɗalibar da za ta tsaya gaban malamai ta kare bincikenta, da malamar da ke son aji ya nutsu idan ta shigo, da uwargidan da ta gaji da jin ana cewa haihuwa ta karya ta. Ban ga laifin wannan nema ba, kuma zan faɗi abin da na sani a kansa. Amma akwai tambayar da mai gyaran amare ba ta yi, ita ce nake so mu riƙe tun daga farko, 'yan'uwana mata: shekara nawa aka ara mana wannan miƙewar?

Mai son amsa ya tsaya bakin titi a Ƙofar Dukawuya ta birnin Kano da hantsi. Ga 'yan firamare da jakunkunan da suka fi ƙarfin bayansu. Ga 'yan mata suna tsallaka titi zuwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, taku ɗai-ɗai, mayafi yana bin iska. Ga mai ciki riƙe da ƙugu tana jiran adaidaita sahu, ga mai goyo da kaya a hannu biyu. Can a baya ga tsohuwa da sandarta, idonta ya fi ganin ƙasa a kan ganin gabanta, sai wani yaro ya tsayar mata da motoci kafin ta haye. Rayuwar mace ɗaya ce take wucewa zango-zango, kuma tsakanin 'yar firamaren da mai sandar da ƙyar za a ƙirga shekara sittin. Alƙur'ani ya tsara zangon nan a Suratur Rumi, aya ta 54, inda aka fara da rauni, aka ba da ƙarfi, sannan aka koma ga rauni da furfura. Ƙarfin a tsakiya yake, kuma shi ne muke ɗauka kamar gado.

Likitoci sun ce ƙashin baya gaɓoɓi 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne a ƙasa sun zama ƙashin kwankwaso da ɗan guntun da ke ƙarshensa. Ba a miƙe yake sambal ba. Yana da lanƙwasa ta halitta a wuya da gadon baya da ƙugu, kuma ita ce ke raba nauyin jiki. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifan guringuntsi mai ruwa a ciki, wanda yake bushewa a hankali idan shekaru suka ja, shi ya sa tsawon mutum yake raguwa. Ƙashi yana tara ƙarfinsa ne tun daga ƙuruciya, ya kai ƙarshen tarinsa wajen shekara 30. Daga nan abin da aka tara ake ci. Ga mace kuwa, idan al'ada ta ɗauke, sinadarin da ke tsare mata ƙashi yana raguwa, sai zaizayar ta yi sauri cikin 'yan shekaru. Ƙungiyar duniya mai kula da cutar raunin ƙashi ta ƙiyasta cewa cikin kowace mace uku da suka haura 50, ɗaya za ta gamu da karaya saboda wannan rauni. Wata karayar ba a ma jin ƙararta. Gaɓar ƙashin baya ce take murƙushewa ta gaba kaɗan-kaɗan, yau ɗaya, baɗi wata, har a wayi gari iya ta ranƙwafa, mu ce tsufa ne kawai.

Wannan ma lissafin wadda ta kai tsufan ne. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai kai shekara 60 ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa wajen ciki da haihuwa a duniya, a ƙasar nan suke rasuwa. Babu unguwa a cikin birni da ba ta san wannan ba tare da an karanta mata alƙaluma ba. Kowa ta san amaryar da aka yi wa guɗa bara, bana aka zauna makokinta, akwatunan lefenta ko rabi ba a ɗinka ba. Da yawa daga cikinmu ba za su ga ranar ranƙwafawa ba. Waɗanda za su gani kuma, za su tarar ta zo da wuri fiye da yadda suka zata.

Wani zai ce, to tunda haka ne, mene ne amfanin gyara tsayuwa? Ni kuwa a wurina dalilin gyarawar ke nan. Abin da za a karɓe, shi ya fi cancanta a riƙe shi da kyau kafin mai shi ya aiko.

Kakanninmu ba wanda ya buɗe musu aji ya koya musu taku. Gammo ne ya koya musu. Yarinyar da ta tashi tana ɗauko tulu daga rijiya, ko faranti na talla, ko ƙwaryar nono daga ruga zuwa cikin gari, dole kanta ya zauna daidai a kan wuyanta, dole ƙafarta ta sauka a hankali, in ba haka ba ta yi ɓari. Dubi 'yar Fulani mai tallan nono idan ta juyo za ta amsa kira: jikin gaba ɗaya take juyowa, ƙwarya ko motsi. A 1986 wasu masana suka auna matan Luo da Kikuyu a ƙasar Kenya, suka tarar suna ɗaukar kaya a ka da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da sun ƙona ƙarin ƙarfi ba, saboda yadda takunsu ya daidaita. Sai dai kada mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Kayan da ya wuce kima yana cin wuya, kuma matan da suka yi takun nan su ne suka ƙare rayuwa a duƙe, saboda daka da surfe, da shara da guntuwar tsintsiya, da girki a murhun ƙasa, da wanki a tsugune, da goyo a kan goyo. Sun samu miƙewa daga wahala, wahalar kuma ta zo ta karɓe abinta.

Mu an sauƙaƙa mana da yawa. Injin niƙa ya ɗauke daka, famfo da 'yan garuwa sun ɗauke tulu. Sai muka samo wa kanmu wani nauyin da ba a gani. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5. A 2014 wani likitan ƙashin baya a birnin New York, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa idan aka sunkuyar da kai sosai kamar yadda ake yi wajen kallon waya, nauyin da wuya ke ji yana iya kai kilo 27. Ki duba cikin adaidaita sahu, ki duba rumfar biki, ki duba falonmu bayan isha'i. Yarinya 'yar 17 ta yi zaman tsohuwa 'yar 70, kafaɗu sun turo gaba, haɓa ta kusa taɓa ƙirji, awa biyu ba ta motsa ba. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, domin ranƙwafawa tana nan tafe ba sai an je taryenta ba. Shekarun miƙewa kaɗan ne, ga shi muna kashe su a duƙe da hannunmu.

Akwai kuma wani dalilin da ya fi waya daɗewa a gidajenmu, kuma iyaye mata ne kaɗai za su iya maganinsa. Yarinya idan ta fara ƙirgar dangi, kunya takan sa ta tattaro kafaɗunta gaba ta ɓoye ƙirjinta. Wata tsawo ne ya yi mata yawa a cikin sa'o'inta, ana tsokanarta, sai ta riƙa rage kanta. Mu kuma manya mu gani mu yaba, mu ce yarinyar akwai kunya, ko kai ba ta ɗagawa. Umarnin da ya zo a Suratun Nur na runtse ido ne da suturta jiki, kuma mace tana iya cika duka biyun bayanta a miƙe. Hijabi mai yalwa ya riga ya yi aikin sutura. Idan kin ga 'yarki ta fara wannan tattarewar, kada ki daka mata tsawa a gaban mutane. Ki ja ta ɗaki ki ce mata, 'yata, jikin nan Allah ne ya ƙera shi, ba abin kunya ba ne, ki rufe shi ki kuma tsayar da shi. Ki sama mata rigar ciki daidai da ita. Ki kuma duba bayanta da idonki lokaci-lokaci, domin akwai karkacewar ƙashin baya da ke fitowa a shekarun balaga, ta fi tsananta ga 'yan mata, kuma tana iya ɓuya a ƙarƙashin hijabi har ta yi nisa. Idan ta sunkuya kika ga gefe ɗaya na bayan ya fi ɗaya tudu, ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya hawa, asibiti za a je. Haka nan doron da ya fito da ciwo da zazzaɓin dare da rama, sau da yawa tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, kuma yana da magani idan an je da wuri. Asibitin ƙashi na Dala yana nan tun 1959, daga Dukawuya ba tafiya ce mai nisa ba. An yi asarar bayan yara da yawa ana cewa iska ce ko jifa.

Gyaran kansa ba shi da tsada. Ki tsaya ki jingina da bango, dugadugai kusa da shi, mazaunai da kafaɗu da ƙeya su taɓa shi ba tare da kin ɗaga haɓa sama ba, ki ji yadda jikin yake, sannan ki taka ki bar bangon a haka. Ba turo ƙirji ake nufi ba, ba kuma sandarewa irin ta soja a fareti ba. Kunne ya hau saitin kafaɗa, kafaɗa ta hau saitin ƙugu, nauyi ya rabu a ƙafa biyu. Waya a ɗago ta zuwa ido. Duk zaman da ya kai rabin awa a tashi a motsa, domin masu gashin ƙashi suna yawan cewa daɗewa a yanayi ɗaya ya fi cutarwa a kan yanayin kansa. A sa wa tsintsiya doguwar mariƙa, a ɗora abin girki da bahon wanki a kan abin da zai ɗago su, idan za a ɗauki kaya daga ƙasa a lanƙwasa gwiwa. Takalmi mai tsini a bar shi ga 'yan awoyin biki. Mai jego, bayan ruwan zafi da kunun kanwa, tana bukatar a nuna mata motsin da zai dawo da ƙarfin naman cikinta, domin shi ne ke tallafe ƙugu ta gaba, kuma ta ɗago jariri zuwa ƙirjinta da matashi maimakon ta duƙa masa.

Sai abinci da rana, kuma a nan ne na fi jin takaici, domin maganin yana cikin tukunyarmu. Ƙashi yana son kalsiyam, ga shi a nono da kindirmo, da kuka da zogale, da riɗi da tamba, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya. A Jos, likitoci sun nuna a 1999 cewa yawancin yaran da ƙafafunsu suka gwame, rashin kalsiyam a abinci ne ya jawo, kuma da aka ba su sai ƙashin ya gyaru. Jiki kuma ba ya amfana da kalsiyam sosai sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Gidajenmu na dā suna da tsakar gida a buɗe, mace tana cikin kullenta rana tana samunta. Yanzu an rufe tsakar gida da kwano, an tayar da bene, wata sai ta yi mako hasken rana bai sauka a damtsenta ba a garin da rana ta yi wa yawa. 'Yan mintuna a tsakar gida ko bayan ɗaki, hannu da ƙafa a buɗe inda babu idon baƙo, suna taimakawa. Yarinyar da ba ta kai 30 ba ta sani, yanzu take zubin adashin da za ta kwasa a shekara 60.

To, idan an samu miƙewar, me za a yi da ita? A nan hanya ta rabu biyu. Akwai takun da ke cewa ku dube ni, na fi ku. Wannan an hana shi a Suratul Isra'i, aya ta 37, an kuma tuna wa mai yinsa iyakarsa tsakanin ƙasa da duwatsu. Luƙmanu ma da yake yi wa ɗansa wasiyya, ya haɗa masa da tsakaitawa a tafiya. A ɗaya gefen kuma ba a yabi noƙewa da jan jiki ba. Masu siffanta Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun ce tafiyarsa da ƙarfi take, yana cire ƙafa sosai kamar mai gangarowa daga tudu. Suratul Ƙasas ta ambaci 'yar dattijon Madyana da ta zo kiran Annabi Musa, aka yabi kunyar da ke cikin tafiyarta, kuma an ce ita ce ta buɗe baki ta ba mahaifinta shawarar da ya karɓa. Kunyarta ba ta hana ta isar da saƙo ba, ba ta hana ta faɗin ra'ayinta ba. Irin wannan kwarjinin nake yi wa 'ya'yanmu fata, na macen da ta san darajar kanta, ta kuma san ba ita ta ba kanta ba.

Kuma sau biyar a yini ana gwada bayan nan a wurin da babu mai hoto. Hadisi ya zo cewa sallar wanda ba ya daidaita bayansa a ruku'u da sujada ba ta isar masa, kuma mutumin nan da ya munana sallarsa an umarce shi ya ɗago har sai ya daidaita a tsaye. Je ki masallacin Idi ko sahun mata a tarawihi ki ga kujerun roba da ke jere a baya. Duk wadda ke zaune a kai ta taɓa yin ruku'u ba tare da ta yi tunaninsa ba. An yi musu rangwame, domin Annabi ya gaya wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Amma ki tambayi ɗaya daga cikinsu abin da za ta bayar a dawo mata da sujada ɗaya, goshi a ƙasa, ta kuma miƙe da kanta ba mai kama ta. Ke da kike da wannan a yau, kina sallar ne a gaggauce saboda waya ta yi ƙara.

Ganuwar da Ƙofar Dukawuya take jikinta ma tana da nata labarin. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki ne Wambai Giwa ya faɗaɗa birni ta wannan ɓangaren, har zuwa Kabuga da Kansakali. Sarkin da aka yi wa wannan gagarumin aiki don a faranta masa, daga 1618 zuwa 1623 ya yi mulki, shekara biyar kacal. Shekara ɗari huɗu ke nan mata suna shiga suna fita ta wannan wajen, da tulu da itace da ƙwarya, amare a kan doki da tsofaffi a kan sanda. A cikinsu an yi waɗanda unguwa take tsayawa kallo idan sun wuce, kuma yau babu mai iya kawo sunan ɗaya. Ganuwar kanta, da aka gina don ta fi kowa daɗewa, ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini sun cinye ta, a wurare da yawa sai ɗan tudu. Daga nan zuwa maƙabartar Dandolo da ke Goron Dutse tafiyar 'yan mintuna ce. A can babu mai doro babu mai miƙaƙƙen baya. Mai wanka ta riga ta miƙar da gaɓoɓin kowa, an naɗe a likkafani, an kwantar a ɓangaren dama ana fuskantar alƙibla. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jikin ɗan Adam duk yana ruɓewa sai ɗan guntun ƙashin nan na ƙarshen baya, kuma daga gare shi za a sake haɗa halitta ranar tashi. Cikin gaɓoɓi 33 da muke ta gyara, wanda ba ya fitowa a hoto shi ne zai saura.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin wata rana a ƙarshen rayuwar Annabi, matansa suna zaune a wurinsa, sai Nana Faɗima ta taho. Abin da A'isha ta fara ambata shi ne takunta, ta ce bai bambanta da na mahaifinta ba. Ya yi mata maraba ya zaunar da ita a gefensa, ya raɗa mata magana ta yi kuka, ya sake raɗa mata wata ta yi dariya. Sai bayan rasuwarsa ta bayyana abin da aka gaya mata: ta farko, ajalinsa ya kusa, ta biyu kuwa bushara ce, a wata ruwayar cewa ita ce farkon wadda za ta riske shi cikin iyalinsa, a wata kuma cewa ita ce shugabar matan muminai. Wata shida Faɗima ta yi a bayansa ta rasu, a shekara ta 11 bayan hijira, kuma mafi yawan malamai sun ce ba ta kai shekara 30 ba.

Masu tarihi sun kawo cewa a jinyarta ta ƙarshe ta gaya wa Asma'u 'yar Umaisu abin da ke damunta: ba ta son yadda ake ɗaukar gawar mace a lulluɓe da mayafi kawai, surar jikinta tana bayyana ga masu rakiya. Asma'u ta ce ta ga wata dabara a ƙasar Habasha lokacin da suka yi hijira can. Ta sa aka kawo ɗanyun rassan dabino, ta lanƙwasa su a kan gadon, ta rufa tufa a sama. Faɗima ta duba ta ce ya yi kyau, ta yi wasiyya a yi mata haka. Da ta rasu aka yi mata, aka binne ta da dare kamar yadda ta nema, kuma an ce ita ce mace ta farko a Musulunci da aka ɗauka a irin wannan makara.